Hatsin Kawu Jadi

Ran kasuwar da ta wuce wani mutumin arewacin Gazawa ya sauke buhu huɗu na hatsi daga amalanken jakinsa. Ba a gabana ya sauke ba, a gaban Sale mai sikeli ne. Na taso daga tabarmata, gwiwoyi suna ƙara, na je na nemi izininsa. Na kwance bakin buhu ɗaya, na zura hannu har gwiwar hannu, na damƙo daga can ciki, na sansana, na jefa 'yan ƙwayoyi a baki na tauna. Sannan na mayar da sauran, na ɗaure masa buhunsa, na yi godiya na komo. Ina jin ku kuna dariya a bayana. Ɗayanku har da cewa, "Baba Nomau ya fara neman zinari a buhun mutane." Wani ya ce ai tsufa ne, in ba haka ba awo me ke cikinsa, cikawa ne da juyewa, ko makaho ya iya.

To, yau kasuwa ta yi sanyi, ku matso in gaya muku abin da nake nema. Hatsi nake nema, irin na mutum ɗaya, kawuna Jadi, wanda ya koya mini awo. Rabona da hatsin nan tun shekarar da damina ta ɓaci, kuma da bakina na taya shi ɓacewa. Amma ba za ku gane ba sai kun san mene ne awo tukuna.

Ranar da uwata ta kai ni wurin yayanta a kasuwar Cadawa, ina saurayi gemu bai fito ba, na ɗauka tiya zai miƙo mini. Tsintsiya ya miƙo. Damina biyu da rani biyu ina share gaban shimfiɗarsa, ina tsince ƙwayar da ta zube, ina riƙe bakin buhu, ina ɗinki da basilla har yatsuna suka yi kanta. Kayan aikinsa duka hannu ɗaya ke ɗauka: shimfiɗar da aka yi da tsofaffin buhuna, faifai, basilla, gwangwani na masu ƙaramin saye, da tsakuwoyi a aljihu, duk tiya goma ya ajiye ɗaya gefen ƙafarsa. Sai ita tiyar, farin kwano mai shuɗin baki, fentin ya ɓare a gindi. Ba ya yarda a ci abinci cikinta, ba ya yarda a tsallake ta, in zai yi salla kifa ta yake a kan faifai. Mu kan bi kasuwanni da ita, Cadawa, Agye, Gazawa, da kasuwar garinmu, a bayan motar 'yan kasuwa ko a ƙafa.

Tiyar farko da na auna ta riɗi ce, kuma da gangan ya zaɓa mini. Na cika, na ɗaga, kafin in kai bakin buhu rabin tozon ya malale ƙasa. Mai riɗin ta ɗora hannu a ka. Kawu ko kallona bai yi ba, ya ce, "Tsince." Na wuni ina tsintar riɗi cikin rairayi. A nan na koyi cewa kowace ƙwaya da halinta. Hatsi yana tsayawa ya yi tozo in ka zuba masa daga tsakiya. Riɗi ba ya tsayawa sai ka kewaye bakin tiya da hannun hagu. Wake mirginawa yake, gujiya mai ɓawo kuwa rabinta iska ce, sai ka girgiza sau ɗaya ta zauna, in ka girgiza sau biyu ka cuci mai sayarwa. Ga mai kaya tsaye yana son tozo ƙarami, ga mai saye tsugune yana son tozo babba, idanu huɗu a kan hannunka. Kai ba na wannan ba ne, ba na wancan ba. Tiya ta farko da ta ɗari dole su fito tsayi ɗaya, ko kafaɗarka na ciwo ko ba ta ciwo.

Sai karatun buhu. Kawu ya kan kama hannuna ya cusa cikin hatsi ya ce, "Mi ka ji?" In ya yi sanyi, bai bushe ba, an yi gaggawar sussuka. In ya bar gari a tafin hannu, tsohon hatsi ne ƙwari sun fara ci. In ka ji nauyin buhu ya fi cikarsa, akwai yashi a gindi. Hatsin da ya kwana a rumbu da zangarniyarsa ƙamshinsa daban, wanda ya kwana a buhun taki warinsa daban. Da na shekara biyar a wurinsa, in na tauna ƙwaya na kan faɗi ko daga jigawa ta fito ko daga fadama, wani lokaci har garin da aka nome ta.

Akwai hatsi ɗaya da ko idona a rufe ba na ɓata shi, shi ne nasa. Gero ne da ake ce wa zango, mai dogon kai, zangarniya ɗaya ta fi hannun mutum tsawo. Ƙwayar manya ce, toka-toka da ɗan kore a baki, in ka tauna ta ɗanye sai ka ji zaƙi daga baya kamar an ɗiga nono. Daga kakansa ya gaje shi. Kowace kaka, kafin masu girbi su shiga, shi kaɗai zai bi gonar da wuƙarsa yana zaɓen kawunan da suka fi cika, ya ɗaure su dami guda daban, ya sa a can ƙasan babban rumbu. Wannan damin iri ne, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Bai taɓa kawo shi kasuwa ba. Kyauta yake bayarwa, tafi ɗaya, tafi biyu, ga dangi da maƙwabta, har yawancin gonakin ƙauyensu suka koma shi, ana ce masa zangon Jadi. In na je gaishe su, matarsa Inna Hajo ta kan dama mini furarsa a ƙwarya. Wallahi har yau ban sha fura irin wannan ba, kuma ina kewarta.

Abu na ƙarshe da ya koya mini da duka ya kusa haɗawa. Wata rana a teburin mai shayi na yi subul da baka, na ce matar wane ta kawo wake tiya uku a ɓoye cikin zane. Kafin la'asar magana ta kai kunnen Kawu. Ya kira ni bayan rumfa, ya ce, "Nomau, ma'auni na da ido, na da hannu, ba shi da baki. Mace ta kawo waken da ta ɓoye, mai gida ya zo da babbar riga shina sayen rabin tiya, kai ka gani, ƙasa ta gani. Iyakarta ke nan." Ya kore ni kasuwa uku. Da na dawo ya nuna mini ɗayan rabin dokar. In mai gwangwani ɗaya ta zo, ka ga bakin zanenta ne kawai mazubinta, sai ka bar babban yatsanka ya ɗan tallafi tozon, ka ƙara gyara da sauri kana kallon wani wuri, kada ta ga ka gani. Daga ladanka na awo ake cire wannan, ba daga kayan mutane ba.

Haka muke har aka kawo zaɓen ƙananan hukumomi, kowace komin, wato ƙaramar hukuma, ta samu merinta, gidan hukumar ke nan, da zaɓaɓɓen magajin garinta. Ba zan faɗi wace meri nake nufi ba, don mutanen suna da 'ya'ya a raye, kuma ba mugunta suka yi ba. Magajin garinmu na farko tsohon malamin lakol ne, makarantar boko, siriri, mai tabarau, mutumin kirki mai son takarda. Shi ya fara cewa cikin mutane ma aikin hukuma ne, ba hanya da rijiya kaɗai ba. Ya yi mana rumfunan kwano. Ya kori masu tare amalanke a bakin hanya suna saye da arha kafin manomi ya ji farashin kasuwa. Ya sa masu tuwo da masu fura rufe abincinsu, ya yi wa mahauta daɓen siminti. Sannan ya gina mangaza, babban ɗakin ajiyar hatsi, ya ce meri za ta riƙa sayen hatsi da kaka, ta ajiye, ta sayar da rangwame in ciki ya fara ƙugi kafin sabo ya nuna. Wannan kam dabara ce mai kyau, rumbun gandu ne na gari duka, kuma na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yanzu.

Inda muka saɓa a kan tiya ne. Gaskiya a cikinmu akwai ɓarayi. Wani tiya biyu gare shi, ta saye ya buga gindinta waje, ta sayarwa ya buga shi ciki. Don haka meri ta kawo tata, koriya, da hatimi a gefe, da 'yar sanda miƙaƙƙiya. Ka cika, ka bi baki da sanda, abin da ya haura ya zube. Ba tozo, ba gyara, kowa daidai. Aka tara mu a ƙofar meri aka raba mana. Kawu Jadi ya karɓi tasa, ya juya ta, ya dubi sandar, ya ce, "Wagga tiya an yi mata aski. Ni ban iya auna wa ɗan Adam abinci da sanda ba." Ya ajiye musu a kan tebur da ladabi, ya naɗe shimfiɗarsa, ya ɗauki farar tiyarsa ya koma ƙauye noma. Ni na zauna, don ina da 'ya'ya ƙanana. Kasuwa ba ta shekara ba ta koma wa tozonta, amma a mangaza sanda ta zauna, kuma ni aka ɗauka in riƙe ta.

Shekarar da nake faɗa muku, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Abin da ya tsira kuma murzuna ta bi shi, tsutsar nan mai cin zangarniya tana barin zane kamar an murɗa igiya. Ma'auni ba ya bukatar rediyo ya san yunwa na tafe. Da kaka mata suka zubar da riɗinsu da wakensu tun da wuri, abin da suka saba riƙewa sai ya yi tsada. Da sanyi ya shiga awaki suka cika kasuwa. Bayan awaki sai kwanonin ɗaki. Masu tiya biyar suka koma biyu, masu biyu suka koma gwangwani. Da zafi ya kama kuma sai na fara jin mutane masu mutunci suna tambayar kuɗin dusa.

Wata ran kasuwa da hantsi na hango Inna Hajo. Ba ta biyo ta layina ba. Ta zagaya can ƙarshen kasuwa wurin wani baƙon ma'auni, ta sayi dusa, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗora zane a kai. Da za ta fita muka yi kiciɓis a bakin rumfar mahauta. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana? Kin shigo ba ki biyo ba."

"Lahiya lau, Nomau. Sauri nike. Ya yara?"

"Lafiya lau. Ya Kawu? Ya gida?"

"Gida sai godiya." Ta ga idona ya sauka kan ƙwaryar, ta ce, "Ta awaki ce."

Na ce Allah ya sa albarka. Awakin nan kuwa da idona na ga ɗanta ya sayar da su kasuwa biyu da suka wuce, uwar garken ma mai farin goshi na san ta. Na koma shimfiɗata na ci gaba da awo, ban gaya wa kowa ba, har matata.

A wannan shekarar mangaza ba ta cika ba, don ba a samu na saye da kaka ba. Gwamnati ta aiko da nata, aka haɗa, aka ga ba zai kai kowane ƙauye ba. Dole a zaɓa. Magajin gari ya rantse ba za a yi son kai ba, ba ɗan jam'iyya ba ɗan dangi, ido zai yi hukunci. Ya ɗora sakatarensa a kan babur, wani ɗan birni mai hankali, ya ce ya bi ƙauyuka ya ƙirga rumbuna. Inda ya ga an sauke jinka, rumbu a buɗe ko ya karkace, babu abinci. Inda ya ga jinka a kai, an kewaye da ƙaya, akwai saura. A takarda dabarar ta yi daidai.

Abin da ɗan birni bai sani ba, a wurinmu mai gida ba ya sauke jinkar rumbunsa da rani, ko ɓera ne kaɗai ya rage a ciki. Buɗaɗɗen rumbu shela ne ga duk mai wucewa. Kuma dama rumbun gandu a rufe yake wuni ya kwana har ruwan shuka, don haka rufaffen da ke cike da rufaffen da ba komai kamarsu ɗaya. Ƙauyen su Kawu kuwa tsofaffin gidaje ne, mutanen da tun kakanni su ake zuwa wa neman iri. Shekarar nan har sabuwar shuci, ciyawar jinka, suka yi wa rumbunansu, don kada a ce. Sakatare ya zo ya ga jinkaye sababbi jere, na Kawu kaɗai uku. Ya tambayi mai gari ya abinci, mai gari ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Sakatare ya rubuta, ya hau babur.

Magajin gari bai tsaya nan ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ranar da za a rufe takardar ya sa aka kira ni buro, ofishinsa. Ɗaki cike, ga kwanseyoyi, wato kansiloli, ga wakilan masu gari, ga manyan 'yan kasuwa uku da duk sun san Kawu, ɗayansu ma ya daɗe ba ya shiri da shi. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Nomau, kai ne hannunka ke cikin abincin mutane kullum. Ƙauyen su kawunka fa? An rubuto mini suna da saura. Haka ne?"

Ƙwaryar Inna Hajo ta faɗo mini a rai, da faifan, da zanen da ta ɗora. In na buɗe baki, kafin magariba duk komin ta ji gidan Jadi mai rumbu uku dusa suke ci. Na ce, "Ranka shi daɗe, rumbunansu na tsaye."

"Na san suna tsaye. Ciki nake tambaya."

"Ban leƙa ba, ranka shi daɗe."

Ban yi ƙarya ba, ban leƙa ba. Ya dube ni ɗan jim, ya mayar da tabarau, ya ja layi a kan sunan ƙauyen. Na fito ina jin na riƙe amanar sana'a, har ina cewa a raina da Kawu na nan da ya yaba mini.

Aka buɗe mangaza. Makonni ina awo tun safe har la'asar, layi har bakin titi, mata da buhunan siminti da ƙore, ni da koriyar tiya da sanda. Na ce wa kaina gidan Kawu ni zan ɗauke shi. Da na tara ladana na auna tiya goma sha biyu, na ba wani mai amalanke ɗan yankinsu, na ce ya kai wa Inna, ya ce mata ɗanɗano ne. Kasuwa ta zagayo na tambaye shi ko ya kai. Ya ce ya kai. Sannan ya ce, "Tsohon ya fito da shi ƙofar gida ya zauna, ya sa aka kira mata. Da gwangwani ya raba, gida-gida. Kafin azahar ba ko ƙwaya." Ashe duk lissafina a kan gida ɗaya nake yi.

Washegari da sassafe na hau kabu-kabu, babur na haya, na tafi. Ban ji daka ba tun daga bakin gari, kuma ku kun san ƙauyen da ba a jin turmi da safe. Gidaje da yawa an jingina ƙaya a ƙofa. Na tarar da Kawu zaune gindin bishiyar bedi, rigarsa ta yi masa yawa. Muka gaisa har ƙarshe, lafiya lau, lafiya lau, kamar kullum. Na tambayi 'ya'yansa biyu, ya ce sun ƙetara Nijeriya da matansu da yara, yau kwana tara. Sai ya miƙe ya ce, "Taho ka kama mani."

Muka je babban rumbun. Ya janye ƙaya, muka ɗaga jinkar mu biyu. An share cikinsa ƙal, ko ƙaiƙayi babu. Farar tiyarsa ce kaɗai a kife a tsakiya.

Na ce, "Kawu, damin irin fa?"

"Na riƙe shi har inda na iya. Ran da kukan jikokin ya canza murya, na ce wa Hajo ta sussuke." Ya dafa bakin rumbun. "Duk garin haka anka yi. Kowa ya ci nashi."

Muka mayar da jinkar. Ya gyara mata zama da kyau, ya mayar da ƙaya. Sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "An ce magajin gari ya tambaye ka."

"Ya tambaye ni, Kawu."

"Mi ka ce mashi?"

"Na ce rumbuna na tsaye."

Na so ya zage ni, na so ya ɗaga sanda, da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ba laihinka ba ne kai ɗaya. Mu munka yi wa wofi sabuwar shuci. Ni kuma na koya maka rufe baki, ban koya maka ranar buɗe shi ba. Sunan mutum na hana ka hwaɗi, Nomau. Ban hana ka sunan gari ba."

Ban tsaya shan ruwa ba, dama ruwan ne kawai Inna ke da shi ta ba ni. Na koma kai tsaye buro, na shiga ba sallamar kirki, na faɗi komai a gaban duk wanda ke wurin. Magajin gari ya cire tabarau ya riƙe kansa. Ya ce, "Malam Nomau, ai na tambaye ka." Na ce ka tambaye ni. Muka buɗe mangaza, 'yan buhuna ne suka rage a kusurwa, sai sharar ƙasa da na tattara na sheƙe. Muka loda a amalanke, magajin gari da kansa ya bi shi a ƙafa rabin hanya, da takalmansa na buro. Da muka isa na shimfiɗa, na ɗauko koriyar tiya, na miƙa hannu ga sanda. Ya riga ni ɗauka, ya saƙale ta a hammata, ya ce, "Auna yadda aka koya maka." Na auna da tozo, na yi gyara ina kallon wani wuri. Waɗanda suka rage a garin sun kai damina da wannan da ganyen tafasa, ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma waɗanda suka tafi sun tafi, kuma iri an riga an ci.

Da ruwa ya sauka meri ta raba iri, wani ɗan gajere mai saurin nuna. Ba laifi gare shi, shi kuke aunawa yanzu, kuma ya ceci mutane a shekaru masu ƙarancin ruwa. Kawu ya shuka shi, ya girbe, Inna ta dama masa, ya kurɓa ya ce, "Shina cika ciki." Kaka biyu ya ƙara a duniya. 'Ya'yansa sun zo gaisuwa sun koma, can suka kafa gida. Inna Hajo ce ta aiko mini da tiyar a naɗe cikin zane, ga ta nan, ita ce wadda kuke cewa ta tsufa in saya sabuwa. In kun bi ta ƙauyen yau, duwatsun da rumbunan uku suka zauna a kai suna nan.

Tun daga shekarar magajin gari ya daina aiken ƙirga jinka. In rani ya yi nisa, duk ran kasuwa da la'asar sai ya aiko a tambayi ma'auna, masu sayen dusa ta wace hanya suke shigowa, masu gwangwani ɗaya daga ina suka fi yawa. Sunan hanya muke faɗa da sunan gari, sunan mutum yana nan cikinmu. Bayansa an yi wasu magadan gari, wani ya tambaya, wani bai tambaya ba, wani farashi kawai yake so a karanta masa ta waya. Ni dai ko an tambaya ko ba a tambaya ba, in na ga ƙore sun fara zuwa a rufe da zane, sai in ɗauki sandata in tafi buro in zauna a benci har a gan ni. Sun san ni, suna ce mini tsohon nan mai dusa. Ku ma da kuke ganin sikeli ya raba ku da wahala, sikeli nauyi kawai yake faɗa, ba ya ɗaga ido ya ga wa ya kawo ƙwaryar.

Shi kuwa hatsin, shekaru da yawa Kawu yana bayar da shi tafi-tafi. An kai shi gidajen aure, an kai shi wajen Cadakori, wani makiyayi da ya zauna noma ma ya taɓa karɓa. Ba na yarda a ce duk duniya ba wanda ya rage da shi. Sau ɗaya a Sae Sabuwa na damƙo wani mai toka-toka, na tauna na jira zaƙin nan na baya, bai zo ba. A gonata akwai kusurwa ta gabas, wurin da ya fi taki, kowace shekara ita nake shukawa ƙarshe, ko Allah zai kawo shi kafin ruwa ya yi nisa.

Saboda haka ku yi ta dariyarku, ba ta dame ni ba. Abu ɗaya nake roƙo. In buhu ya zo gabanku, kuka ga ƙwaya manya, toka-toka da ɗan kore a baki, kada ku ɗora shi a sikeli ku juye cikin na kowa. Ku aiko a kira ni, ko ina salla ku jira in sallame. Tafi ɗaya kawai nake so. Kuma ku yi sauri, don haƙoran da zan gane shi da su huɗu suka rage mini.